DODON KOƊI A LAMBU: HANYOYIN KARE SHUKA BA DA GUBA BA

Jawabi ga masu noman lambu

 

Maganarmu ta yau a kan wani ɓarawo ne mai shiga lambu da dare. Ba ya gudu, ba ya tashi sama, ba a jin motsinsa. Amma idan ya yi yawa, yana iya share wurin renon iri cikin 'yan kwanaki. Wannan ɓarawo shi ne dodon koɗi, wanda wasu ke kira katantanwa.

Duk mai lambu ya san irin latas da na kabeji da na tumatir ba arha gare su ba. Idan aka cinye maka reno, ka yi asarar kuɗin iri. Ka kuma yi asarar mako uku ko huɗu. Kafin ka sake yayyafa wani irin ya isa dashe, maƙwabtanka sun yi nisa. Su ne za su fara kai kaya kasuwa lokacin da kaya ke da daraja. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce.

Abin da nake so ku tafi da shi gida yau abu ɗaya ne. Dodon koɗi ba ya rayuwa sai da laima da wurin ɓuya. Wanda ya hana shi waɗannan biyu, ya kuma riƙa tsince shi a kai a kai, ba ya bukatar sayen guba.

WANE NE DODON KOƊI?

Iri biyu muke gani a lambu. Akwai mai gida, watau mai ɗauke da ƙoƙonsa a baya. Akwai kuma marar gida, wanda jikinsa ke tsirara, mai laushi da santsi. Marar gidan ya fi wuyar gani, domin yana iya kutsawa cikin ƙaramar tsaga a ƙasa, ko ya shige can cikin kan kabeji ya kwanta.

Dodon koɗi ba ƙwaro ba ne irin su fara da tsutsa. Danginsa daban ne. Shi ya sa yawancin maganin ƙwari da ake fesawa ba ya yi masa komai. Manomi sai ya kashe kuɗi ya yi feshi, washegari ya tarar da sabuwar ɓarna.

A bakinsa akwai harshe mai kama da magagari. A kan harshen akwai ƙananan haƙora dubbai. Da su yake kankarar ganye. Ya fi son ganye mai laushi, kamar latas, kabeji, alayyafo, da kowace shuka da ba ta daɗe da tsirowa ba. Yakan kuma huda tumatir da ya nuna idan yana taɓa ƙasa.

Wani abin mamaki shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu namiji ne kuma mace ce. Idan biyu suka haɗu, dukansu suna iya yin ƙwai. Suna zuba ƙwan a dunƙule cikin ƙasa mai laima, ko a ƙarƙashin dutse da ruɓaɓɓen ganye. Ƙwan marar gida fari ne mai sheƙi, girmansa kamar ƙwayar dawa. Cikin 'yan makonni sai ya ƙyanƙyashe.

Sun fi yawa a inda ruwan sama ke da yawa, kamar tsaunukan Jos da kudancin Kaduna. A sauran wurare ana samunsu a fadama, da bakin rafi, da lambun bayan gida mai inuwa. Lokacinsu shi ne damina da farkon kaka, sa'ad da ƙasa ba ta gama bushewa ba. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da masu noman rani ke zuba reno. Idan rani ya tsananta, mai gida yakan shige ƙoƙonsa ya toshe bakin da wata 'yar fata, ya yi ta barci. Marar gida kuma ya nutse can cikin ƙasa. Amma a lambun da ake ba ruwa kullum, ba su da dalilin yin barci.

YADDA ZA KA GANE SHI NE

Kafin ka yi magani, ka tabbatar da cutar. Ba kowace huda a ganye ba ce aikin dodon koɗi. Ga alamu huɗu:

1. Za ka ga wani layi mai ƙyalli kamar busasshiyar majina a kan ganye ko a ƙasa. Wannan yauƙin jikinsa ne. Ita ce babbar alama.

2. Hudar da yake yi ba ta da tsari. Wata babba, wata ƙarama, sau da yawa a tsakiyar ganye.

3. Ƙaramar shuka takan ɓace gaba ɗaya, ko a bar ɗan kara kawai.

4. Da rana ba ka ganin mai ɓarnar. Idan tsutsa ce, za ka same ta a bayan ganye, ka kuma ga kashinta ƙanana. Idan fara ce, za ta tashi da ka matso.

Idan har yanzu kana shakka, ka ɗauki tocila ka shiga lambu bayan duhu ya yi sosai. Idan shi ne, za ka kama shi yana ci.

HANYA TA ƊAYA: BAN RUWA DA SAFE

Jikin dodon koɗi kusan duk ruwa ne. Ba shi da fata mai kauri da za ta tsare masa wannan ruwa. Kuma ba ya tafiya sai ya shimfiɗa yauƙi ya bi ta kai. A kan busasshiyar ƙasa yauƙin yakan ƙare masa da sauri. Shi ya sa yake jiran dare, ko bayan an ɗauke ruwan sama.

To, ku duba abin da yawancinmu ke yi. Muna ba lambu ruwa da yamma. Rana ta faɗi, ƙasa ta kwana a jiƙe. Mun share wa ɓarawo hanya ke nan da hannunmu.

Masana aikin gona a ƙasar Suwizalan sun gwada wannan a kan latas, suka bayyana sakamakon a shekarar 1998. A fangalin da aka ba ruwa da yamma, dodon koɗi ya ci kashi 60 cikin 100 na ganyen. A fangalin da aka ba ruwa da safe, kashi 12 cikin 100 kawai ya ci. Watau ɓarnar ta ragu ninki biyar. Sun kuma ga cewa ban ruwa da safe ya kare latas kamar yadda guba ta kare wanda ake ba ruwa da yamma. Sauya lokaci kawai aka yi, ba a kashe ko kwabo ba.

Na san wani zai ce, ai ƙasarsu sanyi gare ta, mu kuwa rana za ta shanye ruwan. Amsa ita ce, ka yi sammako. Ka ba da ruwa tun da asuba, kafin rana ta yi zafi. Ka zuba shi a gindin shuka, ka bar shi ya nutse sosai. Kafin yamma saman ƙasa ya bushe, amma saiwa tana da ruwanta a ƙasa. Da bazara, idan zafi ya yi tsanani har shuka na yaushi, kana iya ƙara ruwa da yamma. A wannan lokaci dodon koɗi ba shi da yawa. Lokacin da ya kamata ka kiyaye sosai shi ne damina da kaka, da kuma makonnin farko na reno.

Ka kuma duba magudanar ruwa da bakin tiyo. Duk inda ruwa ke yoyo dare da rana, nan ne gidansu. A gyara shi.

HANYA TA BIYU: A RUSHE MAƁOYARSA

Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dodon koɗi ba ya iya wuni a rana. Dole ya sami wuri mai duhu da sanyi kusa da abincinsa. Ka zaga lambunka ka nemi irin waɗannan wurare:

Tarin ciyawar da aka nome aka bari a gefen fangali. Tsofaffin ganyen kabeji da suka faɗi. Duwatsu da tsingaro da gwangwanaye. Tsohon buhu ko tabarma. Doguwar ciyawa a gindin shinge. Manyan hoge da ba a farfasa ba.

A kwashe su duka. Tarin taki kuma a matsar da shi nesa da wurin reno, domin ruɓaɓɓen ganye abincinsu ne, kuma a nan suke yin ƙwai.

Kafin ka zuba iri, ka kafce ƙasa da fartanya, ka farfasa ta, ka bar ta ta sha rana kwana biyu ko uku. Ƙwan da ya fito fili zai bushe, tsuntsaye kuma su tsince saura. Kowane dunƙulen ƙwai da ya mutu yau, ɓarayi da yawa ne ka rage na wata mai zuwa.

Kada ka cunkushe shuka. Ka bar tazara yadda iska da rana za su ratsa. Ka ɗaga tumatir da sanda domin kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa. Ka cire ganyen kabeji na ƙasa da suka yi rawaya.

Akwai masu rufe fangali da ciyawa ko ƙaiƙayi don ƙasa ta riƙe ruwa. Wannan dabara ce mai kyau da rani. Amma a lokacin laima, idan dodon koɗi ya yi yawa, rufin ya zama ɗakin kwanansa. A irin wannan lokaci a rage kaurinsa, a kuma janye shi daga gindin ƙananan shuka.

HANYA TA UKU: TSINTA DA HANNU

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau tana cikin waɗanda suka fi aiki. Abin da kake bukata shi ne tocila, da bokiti mai ruwan sabulu, da leda ko safar hannu.

Ka shiga lambu kamar awa biyu bayan faɗuwar rana, ko da asuba kafin raɓa ta bushe. Daren da aka yi ruwa ya fi kowane dare. Ka sa takalmi mai rufi, ka riƙe sanda saboda maciji da kunama. Ka duba bayan ganye, da gindin shuka, da gefen fangali. Duk wanda ka gani, ka jefa shi cikin bokiti. Kada ka wurga shi bayan shinge, domin zai dawo. Da safe ka haƙa rami nesa da fangali da rijiya ka binne.

A makon farko ka yi haka kowane dare. Ka riƙa ƙirga abin da ka kama kana rubutawa. Za ka ga lissafin yana sauka. Idan ya sauka sosai, sai ka koma sau biyu a mako. Rubutun zai nuna maka wane gefe na lambu suka fi fitowa. A can za ka nemi maɓoyarsu.

HANYA TA HUƊU: TARKO

Ba kowa ke iya zuwa lambu da dare ba, musamman idan lambun na da nisa da gari. Ga irin wannan manomi akwai tarko iri biyu.

Na farko shi ne tarkon maɓoya. Bayan ka kwashe duk wuraren ɓuya, sai ka yi masa naka. Ka jiƙa wani ɗan wuri a gefen fangali da yamma. Ka kifa katako, ko sakaina, ko ɓawon kankana ko na gwanda. Ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsakuwa domin ya sami ƙofa. Idan gari ya fara wayewa, zai nemi wurin ɓuya ya shige nan. Da safe ka ɗaga ka kwashe. Amma fa dole a duba kowace safiya. Tarkon da ba a dubawa ya zama gidan haya kyauta.

Na biyu shi ne tarkon ƙulli. Dodon koɗi yana son warin abin da ya yi tsami ya kumbura. Masana a Jami'ar Jihar Oregon ta ƙasar Amurka sun gwada abubuwa da dama, suka bayyana sakamakon a shekarar 2021. Sun gano cewa kwaɓin burodi, watau fulawa da ruwa da yis, yana jawo dodon koɗi iri-iri, masu gida da marasa gida. Sun kuma ga kwaɓin yana ci gaba da jawo su har kwana 8. Iyayenmu mata sun san wannan haɗi sarai. Kusan shi ne ƙullin fanke.

Ga yadda za ka yi. Ka sami fulawa kofi ɗaya, da yis ƙaramin cokali ɗaya, da ruwa kofi biyu. Ka dama ya yi ruwa-ruwa. Ka bar shi ya tashi. Ka zuba a gwangwanaye zuwa rabi. Ka binne kowane gwangwani a ƙasa, amma ka bar bakinsa ya ɗara ƙasa da kamar faɗin yatsa biyu, domin kada ƙwari masu amfani su faɗa. Ka kifa sakaina a kai, ka bar 'yar ƙofa, saboda ruwan sama da kaji. Dodon koɗi zai bi warin ya shiga ya nutse.

A sa gwangwanayen a gefen lambu, kusa da shinge ko magudanar ruwa. Kada a sa su a tsakiyar reno, domin aikinsu jawowa ne. A kwashe abin da ya faɗa kowace safiya. A sake sabon ƙulli bayan mako guda, ko idan ya bushe.

HANYA TA BIYAR: ABOKAN MAI LAMBU

Akwai masu yi mana wannan aiki ba da lada ba. Kwaɗo yana fita da dare, daidai lokacin da dodon koɗi ke fita, kuma yana cinsa. Bushiya ma haka. Tsuntsaye da dama suna ci. Akwai wasu baƙaƙen ƙwari masu saurin gudu a ƙasa da ke cin ƙwansa da 'ya'yansa. Har ƙwaron nan mai walƙiya da dare, 'ya'yansa dodon koɗi suke ci. Saboda haka a hana yara jifan kwaɗi da kama bushiya a lambu. Yawan feshi barkatai kuma yana kashe waɗannan ƙwari masu amfani, ya bar dodon koɗi yana yawo.

Cikin dabbobin gida, babu kamar agwagwa. A ƙasar Afirka ta Kudu, kusa da garin Stellenbosch, akwai wata gonar inabi da ta fara kiwon agwagi tun shekarun 1980 saboda wannan aiki. Akan kora su ɗaruruwa cikin gona su tsince dodon koɗi, sa'an nan a mayar da su.

Idan kana da agwagi, ka sake su a lambu kafin shuka, ko bayan an gama cire amfani. Kada ka sake su cikin reno ko latas. Za su tattake shuka, su ci ganye, su kuma bar kashi a kan abin da mutane za su ci ɗanye. Kaji ma suna ci, amma tono gare su. Bugu da ƙari, marar gida yakan ɗauki wata tsutsar ciki mai kama kaji. Saboda haka kada a tara shi da yawa a zuba wa kaji.

HANYA TA SHIDA: A TSARE RENO

Babbar shuka tana iya jure 'yan hudoji. Ƙarama ce ke mutuwa. To, a fi sa ido a kan reno.

Ka zaɓi wuri mai tudu wanda rana ke samu da safe, nesa da shinge da juji. Ka bar fili tsirara mai faɗin taku biyu kewaye da shi, babu ciyawa, babu ruwa. Idan renon kaɗan ne, ka zuba shi a tsohon baho ko kwando, ka ɗora a kan benci. Ka sa ƙafafun bencin cikin gwangwanaye masu ruwan gishiri. Nan gishiri yana da amfani, domin ba ya taɓa ƙasar lambu.

Kada ka yi gaggawar dashe. Ka bari shuka ta yi ganye huɗu ko biyar, kara ya yi ƙwari. Bayan dashe, idan shukar ba ta da yawa, ka yanke gindin robar ruwa ka kifa a kan kowace ɗaya da yamma. Ka cire da safe, don kada rana ta dafa ta.

Idan ka sayo dashe daga wani lambu, ka duba ganye da ƙasar da ke jikin saiwa kafin ka shigo da shi. Haka ma takin da ka sayo. Da ƙafarsa dodon koɗi ba ya zuwa nesa. Mutum ne ke kai shi. Ga misali. Akwai wani ƙaton dodon koɗi wanda asalinsa daga Afirka ta Gabas ne. Yana cin tsiro iri 500 ko fiye, kuma guda ɗaya na iya yin ƙwai har 1,200 a shekara. A shekarar 1966 wani yaro ya kawo guda 3 daga tsibirin Hawai zuwa birnin Miyami na ƙasar Amurka. Aka sake su a lambun gida. Bayan shekara 7 an kama fiye da 18,000. Sai da hukuma ta yi kusan shekara 10 tana fama, ta kashe kimanin dala miliyan ɗaya, kafin ta kawar da su. Guda 3 ne fa mafarin wannan wahala.

ABUBUWAN DA BA ZA A DOGARA DA SU BA

Akwai dabaru da ake yawan faɗa waɗanda amfaninsu kaɗan ne. Gara in gaya muku, domin kada ku saki jiki.

Ɓawon ƙwai da tsakuwa mai kaifi. Ana cewa suna yanke masa ciki. A shekarar 2018 babbar ƙungiyar masu lambu ta ƙasar Ingila mai suna RHS ta shuka latas 108 don ta gwada. Ta kewaye wasu da ɓawon ƙwai, wasu da tsakuwa, wasu da ɓawon itace, wasu da ulu, wasu da jan ƙarfe. Wasu kuma ba a sa musu komai ba. Bayan mako 6 aka auna ɓarnar. Ba a sami bambanci ba. Yauƙin jikinsa yana kare shi daga kaifi.

Toka. Idan tana bushe, ba ya son ratsa ta, domin tana tsotse masa ruwan jiki. Amma da raɓa ta sauka, ko aka yi ban ruwa, ƙarfinta ya tafi. Kana iya zagaye reno da ita da yamma a ranar da babu hadari. Sai dai ka sani taimako ne kawai, kuma sai an sabunta kullum. Kada ta taɓa karan ƙaramar shuka.

Gishiri. Gaskiya ne yana kashe dodon koɗi nan take. Amma yana kashe ƙasa ma. Fangalin da gishiri ya taru a cikinsa ba ya yin amfani. Kada a barbaɗa shi a lambu ko kaɗan.

MAGANAR GUBA

Akwai wata guba ta dodon koɗi da ake yi ƙwaya-ƙwaya, mai sinadarin da ake kira metaldihaid. Tana kashe shi. Amma kare da tsuntsaye da bushiya suna ci su mutu. Yaro ƙarami ma yana iya tsinta ya kai baki. Saboda wannan haɗari, ƙasar Birtaniya ta hana amfani da ita a gonaki da lambuna tun watan Afrilu na shekarar 2022. Mu da kajinmu da awakinmu da 'ya'yanmu ke shiga lambu, ya kamata mu fi su tsoronta. Idan ɓarna ta fi ƙarfinka bayan ka bi duk hanyoyin nan, ka nemi malamin gona na yankinku. Kada ka sayi maganin da aka ƙulla a leda babu suna.

A KULA DA LAFIYA

Akwai wata tsutsa mai zama a huhun ɓera. An fara gano ta a birnin Kanton na ƙasar Sin a shekarar 1935, daga baya aka same ta a ƙasashe da yawa masu zafi. 'Ya'yanta suna fita ta kashin ɓera. Dodon koɗi ya ci kashin ya ɗauke su. Idan mutum ya haɗiye shi ɗanye, ko da ƙarami ne da ya maƙale a ganyen latas, tsutsar na iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Takan kawo matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya. Saboda haka:

1. Kada a kama shi da hannu tsirara. A sa leda, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

2. A wanke latas da kabeji ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta. A zubar da ganyen da ke da yauƙi.

3. A hana yara wasa da shi.

4. Inda ake cin manyan masu gida, a dafa su sosai. Wuta tana kashe tsutsar.

5. A rage ɓeraye a lambu da rumbu.

Kada kuma a rikita shi da ƙananan katantanwar da ke zaune cikin ruwan kududdufi da dam da magudanar noman rani. Waɗancan su ne ke yaɗa tsargiya, watau fitsarin jini. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya tafi asibiti. Akwai maganinta.

AIKIN MAKON FARKO

Ga yadda za ka fara daga gobe. Ranar farko, ka zaga lambu ka kwashe duk maɓoya. Rana ta biyu, ka mayar da ban ruwa zuwa asuba, ka gyara inda ruwa ke yoyo. Rana ta uku, ka kifa katako da sakaina, ka dama ƙulli ka binne gwangwanaye. Daga nan har ƙarshen mako, tsinta da dare ko da asuba, duba tarko da safe, da rubuta abin da ka kama.

Hanya ɗaya ita kaɗai ba ta isa. Sai an haɗa su. Kuma ba za ka ƙarar da dodon koɗi ƙarƙaf ba. Abin da ake so shi ne ya ragu har shuka ta girma ta fi ƙarfinsa.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fadama lambuna manne suke da juna. Idan ka share naka, maƙwabcinka ya bar tarin ciyawa a kan iyaka, daga can za su riƙa shigo maka. Ku yi magana da juna. Ku tsai da mako guda kafin zuba reno, kowa ya share nasa, ku haɗu ku nome shinge da magudanar da kuke tarayya a kanta. Ku gaya wa waɗanda ba su sami zuwa ba yau abin da kuka ji.